Satar amsa ba a ɗakin jarrabawa take farawa ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau dai maganar karatun boko za mu yi, kuma zan ɗan ja ta da tsayi saboda haka a gyara zama.

Kuna tuna ranar 28 ga watan Mayun 2025? Ranar da yaranmu suka rubuta Turancin WAEC da daddare, wasu da fitilar waya, wasu da tocila, wasu har da kyandir, iyaye suna tsaye a bakin get suna jiran 'ya'yansu mata har bayan isha'i. Hukumar ta ce wai ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi ne ya jawo jinkirin, wato dai takardar ta zurare kafin lokaci sai da aka sake shiri. Makonni biyu kafin nan kuma shugaban JAMB Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye yana ba da haƙuri, saboda matsalar na'ura ta ɓata sakamakon yara sama da 379,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas. A wannan shekarar dai, cikin kusan yara miliyan 1.9 da suka zauna JAMB, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

To duk lokacin da irin haka ta faru abu ɗaya ake yi, a fito a ce za a tsaurara tsaro, za a koma kwamfuta, za a rufe mirakul senta, wato cibiyoyin da ake biyan kuɗi a ba yara amsa, za a ɗaure mutane. Ni kuma abin da nake so na nuna muku a bidiyon nan shi ne an bar jaki ana ta dukan taiki, yaron da ya shiga ɗakin jarrabawa da amsa a cikin safa ko a waya, tun shekara tara ko goma baya aka gama cutarsa, tun yana aji biyu na firamare, kuma mu ɗin nan ne muka yi.

Bari mu fara da doka don kar wani ya ce ai rashin doka ne. Wallahi doka kam akwai ta har ta yi yawa. A 1977 an yi gagarumar fitar tambayoyin WAEC har sai da gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kun ga kenan abin ya girmi da yawa daga cikin masu kallon nan. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta yi dokar da ta yanka wa mai satar jarrabawa ɗaurin shekara 21, shekara ashirin da ɗaya fa! A 1999 aka sake wata dokar ta musamman kan maguɗin jarrabawa, wadda ta ce yaro ɗan ƙasa da shekara 18 tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, malami ko firinsifal ko mai sa ido kuwa shekara huɗu ba zaɓin tara. Yanzu ku faɗa min tsakaninku da Allah, a unguwarku daga Ƙofar Nassarawa har Kurna har Hotoro, wa kuka sani da aka ɗaure saboda ya rubuta wa yara amsa a allo?

Kuma ai ba ɓoyayyen abu ba ne yadda ake yi. Tun lokacin rajista ake karɓar kuɗi daban ban da na jarrabawa, wani guri a ce kuɗin taimako, wani guri a ce na sufabaiza, wani gurin ma ba a kiran sunansa sai dai a ce "Baba ka san dai yadda ake yi". Ranar jarrabawa a sa yaro ɗaya ko maigadi a bakin ƙofa, in an hango mota baƙuwa a yi alama a goge allo, a tara wayoyi a buhu, in ta tafi a ci gaba. Malamin lissafi yana ofis yana warware tambayoyi, ana ɗaukar hoto ana turawa WhatsApp, shi kuwa wanda aka turo sa ido an kai shi ofishin shugaban makaranta an ajiye masa lemo da ambulan. Sai ka ga yara hamsin sun rubuta amsa iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya, akwai ma wanda zai kwafa har inda malam ya yi kuskure ya soke, shi ma ya rubuta ya soke. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba ni tausayi, domin yaron bai san me yake kwafa ba, zane kawai yake yi.

To me ya sa ɗan aji shida na sakandare zai kasa gane abin da yake kwafa? Nan ne za mu koma baya.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Ba azuzuwa, ba malamai, sai aka shiga horar da malamai cikin gaggawa a tura su aji. A 1999 Obasanjon dai ya dawo a farar hula ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato, a 2004 aka yi mata doka, karatun shekara tara kyauta kuma dole, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Dokar har cewa ta yi uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta da farko a ja masa kunne, in ya sake tarar naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. A nan Kano ma Ganduje ya shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019. Duk waɗannan abu ɗaya suke ƙirgawa, yara nawa ne suka shigo. Ba wanda yake ƙirga yara nawa ne suka iya karatu bayan sun shigo ɗin.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Ku leƙa wata firamaren gwamnati a cikin birni da misalin ƙarfe tara na safe ku ƙirga da kanku, za ku samu aji mai yara sama da ɗari, a ƙasa suke zaune, na gaba gwiwarsu tana taɓa bango ƙarƙashin allo, na baya suna bakin taga, malama ɗaya da guntun alli da bulala, rabin lokacin ma a "ku yi shiru" yake tafiya. Ta rubuta a allo, ta karanta, su maimaita da ƙarfi gaba ɗaya, in ka tsaya a waje ka ji amon sai ka ce kai karatu ake sha a nan, amma ka kira yaro ɗaya gefe ka nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar layin ba daga farko ba, sai ya tsaya yana kallonka. Haddar sauti ya yi. Kuma ƙarshen shekara kowa zai wuce aji na gaba domin ba gurin da za a ajiye mai maimaitawa, wasu ɗarin suna tahowa a baya. Gwamna Abba Kabir Yusuf da ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 da bakinsa ya faɗi cewa miliyoyin yara a ƙasa suke zama, kuma akwai ɗaruruwan makarantu masu malami ɗaya tal. Gwamna ne ya faɗa ba ɗan adawa ba.

Sai maganar kuɗi, a gurguje. Za ku ji ana cewa wai UNESCO ta ce a ware kashi 26 na kasafi, abin da ƙasashe suka amince a taron Incheon na 2015 dai shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati take kashewa. Gwamnatin tarayya shekara da shekaru ba ta kai ko kashi 10. Kano a 'yan shekarun nan tana ware wajen kashi 30 a takarda, wannan abin a yaba ne, sai dai warewa daban sakin kuɗi daban, kuma ko an saki yawanci gini ake yi da fenti saboda shi ake gani daga titi, shi ake yanke ƙyalle a buɗe. Ga kuma kuɗin UBEC, hukumar ilimin farko ta ƙasa, kashi 2 na asusun gwamnatin tarayya da doka ta ware wa ilimin farko, sharaɗin kawai jiha ta ajiye nata rabin sannan ta ɗauki rabin Abuja, amma sai ka ji biliyoyin naira suna kwance jihohi ba su je sun ɗauka ba.

Amma ni inda na fi so mu tsaya shi ne gurin malami, domin a nan abin yake zagayawa ya dawo. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi 150 ne, na kwalejin ilimi kuwa 100. Ɗari cikin ɗari huɗu. Ma'ana yaron da ya nemi likitanci bai samu ba, ya nemi lauya bai samu ba, ya nemi ko wane kwas a BUK bai samu ba, shi ake cewa "to je ka yi NCE mana kafin Allah ya kawo wani abu". Ban ce duk masu NCE haka suke ba, a'a, akwai haziƙan da suka fito daga kwalejin Sa'adatu Rimi da tsohuwar FCE waɗanda koyarwa a jininsu take kuma na san kuna da irinsu a unguwa, amma tsarin kansa abin da yake faɗa wa matasa shi ne koyarwa aikin wanda ya rasa ne. To wanda ya samu kiredit biyar ɗinsa da amsar allo, ya shiga kwaleji da maki ɗari da 'yan kai, can ma ya lallaɓa da sayen handawut da bin malamai, ya fito ya samu takardar ɗan majalisa ko ta wani babba aka ɗauke shi aiki, shi ne zai tsaya gaban yara ɗari a aji biyu. Me zai ba su?

Kaduna ta gwada taɓa gurin nan a 2017. El-Rufai ya sa aka yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 da aka gindaya, aka sallame su. An yi rigima sosai, ƙungiyar malamai ta NUT ta ce ba hurumin gwamna ba ne, TRCN ce hukumar da doka ta ba wa tantance malami. Ni a ganina kowa yana da gaskiyarsa a ciki, ba za ka bar wanda ba zai iya cin jarrabawar ɗan aji huɗu ba ya ci gaba da koyar da ɗan aji huɗu, amma kuma su waye suka ɗauke su aikin tun farko? Waɗancan ba wanda ya yi musu jarrabawa, ba wanda ya kore su, wasunsu ma ƙarin girma suka samu.

Yanzu maganar halacci da haramci, domin na san a Kano muke ba za a rasa mai tambaya ba. Hadisin sananne ne, yana cikin Sahihu Muslim, wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu. Ba wanda yake musun wannan, uban da ya biya kuɗin taimako ma ya san shi, da asuba yana sahun gaba. Amma ka zauna da shi ka ji me zai ce maka, zai ce "Malam shekara goma sha biyu ina wahala da yarinyar nan, kowa a ajinsu za a ba shi amsa, in na ce ita kaɗai kar ta karɓa ta faɗi Turanci ta zauna a gida, waɗanda ta fi ƙoƙari su wuce jami'a, wannan ɗin adalci ne?" Malamin zai ce maka albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne, ku auna da kuɗin buhun shinkafa da haya da adaidaita. Mai makarantar kuɗi zai ce in yaransa suka faɗi bana baɗi iyaye za su kwashe 'ya'yansu su kai gurin da ya manna allon talla cewa kowa ya ci. Shugaban makarantar gwamnati kuma da yawan waɗanda suka ci ake auna shi a ofis. Kowa yana da uzuri, kuma uzurin ba ƙarya ba ne. Duk da haka ni ban yarda laifin ya zama ɗaya ba. Yaro ɗan shekara sha bakwai da ya ga manya suna miƙo masa amsa shi ne mafi ƙarancin laifi, amma shi ake kamawa a riƙe masa rizal. Babban mai laifi a gurina shi ne wanda ya mayar da abin sana'a, yana da senta yana tara miliyoyi duk shekara, da jami'in da ya san sentar sarai yana karɓar kasonsa. Kuma akwai wadda ba a taɓa maganarta, yarinyar da ta ƙi karɓa, ta rubuta nata da kanta ta samu C6, ta zauna kusa da mai A1 da ba ta iya rubuta wasiƙar neman aiki ba, ranar admishan kwamfuta ba ta san wannan labarin ba.

Abin ma bai tsaya a sakandare ba. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin sati shida bai taɓa shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi, sai a Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Kwali muke nema, to ga masu sayar da kwali sun buɗe shago.

Da aka ce a 2025 Kano ta zo ta ɗaya a NECO an yi ta murna, ni ma na ji daɗi wallahi, kuma biya wa yaran da suka ci kwalifayin kuɗin jarrabawa da gwamnati take yi taimako ne babba ga talaka. Sai dai a lura lissafin na yawan kawunan da suka samu kiredit biyar ne, Kano kuwa dama tana cikin jihohin da suka fi kowa tura yara NECO. Lambar da nake so na ji ita ce cikin yaran aji uku na firamare a Dala ko Gwale ko Ungogo, nawa ne za su iya karanta sakin layi ɗaya da Hausa su faɗi abin da ya ƙunsa.

To gyaran da ake ta yi fa? Ku duba yadda yake tafiya. Mun yi 6-3-3-4, wato shekara shida firamare, uku ƙaramar sakandare, uku babbar sakandare, huɗu jami'a, daga farkon shekarun 1980, aka koma kiransa 9-3-4, a farkon 2025 minista Tunji Alausa ya kawo shawarar 12-4, wato shekara goma sha biyu a haɗe kafin jami'a. A 2024 minista Tahir Mamman ya ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, kafin shekarar ta ƙare an canza shi, wanda ya gaje shi ya mayar 16. Darasin tarihi an cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare, bayan shekaru aka dawo da shi. Wanda ya fi ci min rai shi ne na harshe. Tun tsarin ilimi na 1977 an ce shekarun farko na firamare a koyar da yaro da harshen da yake ji, a 2022 zamanin Adamu Adamu aka ce a kai har aji shida, ba a buga littattafan ba, ba a horar da malaman ba, sai a Nuwamban 2025 aka ce an soke, a koma Turanci tun daga tushe wai harshen gida ne yake kayar da yara jarrabawa. Yaushe aka gwada shi har ya kayar da su? Gwajin da aka yi da gaske shi ne na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. Yaron Kano da ya tashi ba ya jin komai sai Hausa, rana ɗaya a ce ya koyi haɗa baƙi da wasali kuma a harshen da bai sani ba, daga bakin malamin da shi ma Turancin bai zauna masa ba, aiki biyu aka ɗora masa lokaci guda. Alhali yaron nan da yamma yana Islamiyya yana haɗa baƙi da Larabci lafiya lau, saboda can ana zama da shi ɗaya bayan ɗaya ya biya a ji, kuma da Hausa ake masa bayani.

A 2025 kuma an ce WAEC da NECO su koma kwamfuta. Ba na adawa da shi, JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015 kuma ta rage abubuwa da yawa, duk da ɓarayin sun koma haɗa baki da masu senta da zama wa wani, har sai da aka wajabta lambar NIN. Amma ku yi tunanin ranar da aka toshe satar nan ɗari bisa ɗari ba a taɓa firamare ba, abin da zai fito faɗuwa ce irin wadda ba gwamnan da zai iya jure hayaniyarta, kuma ina tsoron a ranar za a nemo wata ƙofar a buɗe.

Da ni za a tambaya, kuɗin fentin nan a rage a ɗauki malaman aji ɗaya zuwa uku ta hanyar jarrabawa a fili, a manna sakamakon kowa ya gani, ba lis daga gidan wani ba, a raba ajin ɗari ya koma hamsin ko da karatun safe da na yamma za a yi. A ƙarshen aji uku a zauna da kowane yaro minti biyu ya karanta a ji, a fitar da sakamakon makaranta makaranta, hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da wannan za a auna su. Kuma Kano ta san yadda ake yi, a 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, aka yi musu hukumarsu daban, shiga sai da jarrabawa, aka zuba musu malamai na gaske, ku je asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ku tambayi manyan likitoci inda suka yi sakandare za ku ji sunayen nan suna ta maimaituwa. An yi wa 'yan ɗaruruwa ne a sama, ba a taɓa yi wa miliyoyin da suke ƙasa irinsa ba.

Iyaye kuma ga abin da za ku iya yi yau ba sai an jira Abuja ba, in kuna da ɗan aji uku ko huɗu, kar ku duba rifot kad, ku samo wani rubutu da bai taɓa gani ba, ko takardar gayyatar biki ce, ku ce ya karanta muku. In ya kasa ku je makarantar, kowace firamaren gwamnati ya kamata tana da kwamitin SBMC na iyaye da mutanen unguwa, ku nemi shugabansa ku tambaya yara nawa ne a ajin, malamai nawa ne a takarda, nawa ne suke zuwa.

Duk wannan fa maganar waɗanda suke cikin aji muka yi. Na waje, waɗanda UNICEF ta daɗe tana cewa sun kai miliyan 10.5, UNESCO kuma a 2022 ta ce wajen miliyan 20, da makarantun tsangaya sama da 150 da Jonathan ya gina tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, da hukumar almajirai da aka kafa a 2023, wannan sai a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. Sai an jima.